Filin Tambaya da Amsa: Yaya da Ƙanenta a Cikin Tagullar Faransa

Tambayoyin wannan fitowar kusan duk sun faɗo a kan abu ɗaya, wato ƙananan mutum-mutumin tagulla da gidajen zubi na Faransa suka yi ta fitarwa tun ƙarni na 19, musamman masu nuna yara 'yan ɗaki ɗaya riƙe da juna. Mun miƙa su ga masu aikin zubi da masu gyaran kayan tarihi da ke amsa wa filin nan. Akwai wanda ya tambayi hukuncin ajiye irin waɗannan siffofi a gida. Wannan ta malamai ce, a kai musu. Mu a nan ƙarfen muka sani.

Tambaya daga wata ɗaliba mai karatun zane da sassaƙa, Zariya: An ba mu aikin nazarin wani mutum-mutumin Rodin mai suna *Frère et sœur*, aka ce mu bayyana yadda ƙarfe ya iya nuna ƙauna. Ni dai yarinya da yaro kawai nake gani. Ina zan duba?

Amsa: 'Yar'uwa, ba laifinki ba ne. Hoton waya gefe ɗaya yake nunawa, shi kuwa mutum-mutumi sai an zagaya shi. Sunan yana nufin ɗan'uwa da 'yar'uwa. Auguste Rodin, wanda aka haifa a Paris a 1840 ya rasu a 1917, ya siffanta shi wajen 1890. Ƙarami ne, tsayinsa bai cika santimita 40 ba: yarinya a zaune, ƙanenta ɗan ƙarami a kan cinyarta.

Kada ki fara da fuska. A fuska ne ƙaramin ma'aikaci ke ƙare ƙarfinsa, ya cika murmushi da kumatu har abin ya fito kamar 'yar tsana. Ki fara da nauyi. Duk wadda ta taɓa rainon ƙane ta san abin da yaro ke yi wa zaman mai riƙe da shi: baya ya ɗan ranƙwafa, kafaɗa ɗaya ta sauka, ƙafa ta dafe ƙasa don kada a zame. Ki ɗauki fensir ki ja layin ƙashin bayan yarinyar a kan hoton, ki ja na yaron, ki ga inda suka nufi juna. In nauyin yaron bai canja zaman yayarsa ba, to siffofi biyu aka jera kawai.

Daga nan sai hannu. Ki duba ko yatsun sun ɗan nutse a cikin naman yaron ko kuwa a sama aka ɗora su. Bambancin bai wuce milimita ɗaya ko biyu a yumɓu ba, amma shi ke raba riƙo da taɓawa. Sai kuma inuwar da ke tsakanin jikin biyu: inda ta ƙuntata, nan ido ke tsayawa. Idan kin samu hotunan gefe huɗu, ko kwafin filasta a sashenku, ki kashe fitilar ɗaki ki haska tocila daga gefe ɗaya, za ki ga yadda santsin fatar yaran ke ɗaukar haske, kaushin mazauninsu kuma ya shanye shi.

Abu biyu za su ƙara wa rubutunki nauyi. Masana sun daɗe suna kwatanta zaman yarinyar nan da wata siffar yarinya mai damin alkama da mai sassaƙa Camille Claudel ta yi lokacin tana aiki tare da Rodin. Sannan wani mai sassaƙa Bafaranshe, Jean-Baptiste Carpeaux, wanda ya rasu a 1875, yana da nasa aikin mai wannan suna, a kan marayu biyu na lokacin da sojojin Furusiya, wata tsohuwar daular Jamus, suka yi wa Paris ƙawanya daga Satumban 1870 zuwa Janairun 1871. Suna ɗaya ne, amma a wurin Carpeaux yaran sun riƙe juna ne don ba su da kowa.

Tambaya daga wani maƙerin fari, Kano: Mu muna zuba munduwa da ƙararrawa da kayan doki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake zuba mutum biyu da hannuwa a sarƙe, kuma cikin ya fito fanko. Yaya suke yi?

Amsa: Malam, asalin dabarar ba baƙuwarka ba ce. Zubin kaki ne, irin wanda maƙeran Ife da Benin suka shahara da shi tun ɗaruruwan shekaru. Abin da Faransawa suka ƙara shi ne hanyar maimaita siffa ɗaya sau da yawa ba tare da an ɓata ta asali ba.

Mai sassaƙa da yumɓu yake aiki, ba ya taɓa ƙarfe. Daga yumɓun ake cire kwafin filasta, shi ne uwar aiki da ake ajiyewa. Siffar mutum biyu cike take da lungu: ƙarƙashin hammata, tsakanin wuya da kafaɗa, bayan gwiwa. Don haka akan yanka kwafin gunduwa-gunduwa, hannu daban, wani lokaci yaron gaba ɗaya daban. A kan kowace gunduwa ake yin mazubi mai laushi. A da da narkakken danƙo na fata da ƙashi ake yi, yanzu da robar silikon, a tallafe ta da filasta ta baya.

A cikin mazubin ake shafa narkakken kaki da buroshi, shafi bayan shafi, har kaurinsa ya kai milimita 3 zuwa 5. Wannan kaurin shi ne kaurin tagullar da za ta fito. Sai a cika cikin kakin da cakuɗen filasta da yashi da dakakken gasasshen yumɓu, wannan ita ce zuciya. A soke kakin da ƙusoshi siriri har su shiga zuciyar, kawunansu a waje, domin in kakin ya narke su ne za su riƙe ta a tsakiya. Sannan a liƙa sandunan kaki iri biyu: masu kauri, hanyar shigar ƙarfe, da siriri, hanyar fitar iska, daga kowane wuri mai tsini kamar yatsu da gwiwar hannu. A lulluɓe duka da irin cakuɗen nan, a kifa a tanderu, a ɗaga zafi sannu a hankali zuwa wajen digiri 600 ko 700 na Salsiyas. Kakin zuma tun a digiri 62 zuwa 64 yake narkewa, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ake nema shi ne duk wani danshi da ragowar kaki su ƙone ƙurmus, kuma wannan kan ci yini guda ko fiye, gwargwadon girman aikin.

Tagullar kan narke a kusan digiri 950, amma sai ta kai 1,100 zuwa 1,200 ake zubawa don ta gudu har ƙarshen yatsu. Lissafin da masu zubi ke yi mai sauƙi ne: a auna kakin tare da sandunansa, a ninka sau 10, shi ne nauyin ƙarfen da za a narka. Haɗin kuwa, jan ƙarfe ne kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, sauran kuza da tutiya da ɗan darma. In za ka gwada da tsofaffin kan famfo da kwaɗo, ka sani tutiyarsu ta yi yawa. Farin hayaƙin da ke tashi yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, a fili ake irin wannan aikin.

Ga inda aiki ke lalacewa. In danshi ya rage a mazubi, sai ya zama tururi, ƙarfen ya yi tartsatsi ko ya fito da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. In ƙarfen bai yi zafi sosai ba, yatsu su fito guntaye, ko a ga layi inda malala biyu suka haɗu ba su narke cikin juna ba. In ya yi zafi fiye da kima, fatar ta yi kaushi. In ƙusoshi sun yi kaɗan, zuciya ta goce, gefe ɗaya ya yi kauri, ɗayan ya zama kamar takarda. Wadda ta fi ba da wahala ita ce ta kauri: inda kumatu ya jingina da kumatu, ko hannu ya kwanta a baya, kaki biyu kan haɗu su yi dunƙule. Wuri mai kauri shi ne na ƙarshen daskarewa, yana daskarewa yana tsukewa, sai ya bar rami ko tsaga. Wato daidai wurin da mai kallo ke zuba ido, nan ne mai zubi ya fi fargaba. Maganinsa a rage kakin ta ciki, ko a ba wurin tasa hanyar ƙarfen mai kauri da za ta ci gaba da ciyar da shi yayin da yake hucewa.

Bayan an fasa mazubi, aiki rabi aka yi. A yanke sanduna, a cire ƙusoshi, a toshe ramukansu da ƙarfe iri ɗaya, a kwashe zuciyar. A haɗa gunduwoyin: a da akan zura bakin hannu cikin kafaɗa kamar hannun riga a kafe da ƙusa, yanzu walda ake yi. Sannan mai gyaran fuska, wato mai daidaita saman ƙarfen, ya zauna da kurfi da magagari ya ɓatar da duk mahaɗa.

A sani kuma, yawancin ƙananan tagullar kasuwa na Paris a ƙarni na 19 ba da kaki aka zuba su ba, da yashi ne. Akan danna lallausan yashi mai ɗan yumɓu a jikin siffar gunduwa-gunduwa cikin akwatin ƙarfe. Yashin Fontenay-aux-Roses, kusa da Paris, ya yi suna a wannan. Hanyar ta fi yawan yanka da haɗi, shi ya sa hannun mai gyaran fuska ke bayyana sosai a irinsu.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa ɗan Damagaram mazaunin Faransa: A kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen na ga siffar yara biyu, yaya da ƙanwa, da sunan Moreau a gindi. Mai kayan ya ce tagulla ce. Ta yaya zan tabbatar kafin in biya?

Amsa: Alhaji, sunan Moreau shi kaɗai ba ya tabbatar da komai. Gida ne na masu sassaƙa da yawa, Mathurin da Hippolyte da Auguste da 'ya'yansu, kuma siffofin yaran da suka yi an zuba su da tagulla, an kuma zuba dubbai da wani haɗi mai araha na tutiya wanda Faransawa ke kira *régule*, a shafa masa launi ya yi kama da tagulla. Tsoho ne shi ma, yana da nasa kuɗin, amma ba kuɗin tagulla ba.

Ka nemi izini ka kifa shi. A cikin gindin, inda ba a gani, ka ɗan karce da bakin makulli. Tagulla za ta nuna ruwan zinariya ko ja-ja, tutiya kuwa fari kamar azurfa. Ka tafi da ɗan maganaɗisu: in ya manne sosai, baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti, ko da yake ƙusa ko sandar ƙarfe ta ciki kan ɗan ja shi a wuri ɗaya. Ka ƙwanƙwasa da farce ko zobe. Tagulla na amsawa da ƙara mai ɗan tsawo, tutiya ta yi ɗif. In kuma ka taɓa ka ji ba sanyi, ga shi ba ƙara, to roba ce aka cakuɗa da garin tagulla. Duba wuraren da hannu ya saba gogewa, kamar hanci da gwiwa: tagulla tana yin haske a nan, tutiya kuwa launinta ɓarewa yake yi kamar fenti, toka-toka ta leƙo. Dokar Faransa ta 1935 ta hana sayar da kayan ado da sunan tagulla sai jan ƙarfen ciki ya kai kashi 65 cikin ɗari, saboda haka ka ce ya rubuta kalmar *bronze* a rasit, da shekarun da yake da'awa. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

In ta tabbata tagulla ce, saura tambaya ta biyu: daga uwar aiki aka zuba ta, ko daga jikin wata tagullar aka kwafa? Tagulla na tsukewa da kusan kashi 1 da rabi zuwa 2 cikin ɗari in ta huce, don haka kwafin kwafi kullum ya fi na asali ƙanƙanta; a siffa mai santimita 40, ana maganar milimita 6 zuwa 8. Ka tafi da awo. Kwafin kwafi kuma yana dakushewa: gashi ya zama dunƙule, tsakanin yatsu ya cike, sa hannun mai sassaƙa ya yi laushi kamar an rubuta a kan man shanu. Ka nemi tambarin gidan zubi a gefe ko bayan gindi: Barbedienne, Susse, Thiébaut, Siot-Decauville. A na Barbedienne sau da yawa akwai ɗan zagayen hatimi mai hoton kan Achille Collas, mutumin da ya ƙirƙiro na'urar rage girman siffa, wanda suka haɗa gwiwa da Ferdinand Barbedienne a 1838. Sai dai tambari ma ana ƙirƙirarsa. A 1997 kotun Faransa ta ɗaure wani dillali, Guy Hain, kan jabun tagulla masu ɗauke da sunan Rodin da wasunsa, waɗanda suka shige manyan gidajen gwanjo. In kuɗin da yawa, a biya masani ya duba kafin a biya mai kaya.

Tambaya daga wani malamin makaranta, Maraɗi: Na ga an rubuta 3/8 a gindin wata tagulla. Mene ne ma'anarsa? Kuma yaya za a ce aikin Rodin ne alhali an zuba shi bayan mutuwarsa?

Amsa: Malam, 3/8 na nufin na uku cikin takwas. A ƙa'idar Faransa ta yanzu, ana ɗaukar zubi a matsayin na asali in bai wuce 12 ba: takwas masu lamba 1/8 zuwa 8/8, da huɗu na mai aikin, masu alamar EA da lambar Romawa I/IV zuwa IV/IV. Abin da ya wuce haka, dokar 1981 ta wajabta a buga masa kalmar *reproduction* a jiki, inda za a gani. Wannan tsari na ƙarni na 20 ne. Tagullar zamanin su Carpeaux da Moreau galibi ba su da lamba, rashinta kuma ba aibi ba ne.

Rodin ya ba gwamnatin Faransa ayyukansa da haƙƙin zuba su a 1916, gidan tarihinsa da aka buɗe a Paris a 1919 shi ya gaji wannan haƙƙi, yana kuma zubawa daga filastar da ya bari. Halal ne a doka, amma a kasuwa wanda aka zuba yana raye ya fi daraja, don shi da kansa ya ga yadda ya fito ya amince. Tambarin gidan zubi na Alexis Rudier ba ya raba gardama a nan, domin an yi amfani da shi a kan ayyukan Rodin daga 1902 har 1952. Takardun tarihin mallaka ne ke rabawa.

Tambaya daga wata uwargida, Kaduna: An kawo mana tsarabar wata tagullar yara biyu daga Faransa shekaru da yawa. Ta yi duhu, ga wasu ɗigo-ɗigon kore a lungun hannu. Zan iya goge ta da toka da lemun tsami kamar yadda muke wa tasa?

Amsa: Hajiya, don Allah a ajiye tokar. Duhun nan ba datti ba ne, fata ce da aka yi mata da gangan. Bayan an gama gyara, akan gasa tagullar da wuta a shafa mata sinadarai: mai ƙibiritu ya ba da ruwan ƙasa zuwa baƙi, mai sinadarin baƙin ƙarfe ya ba da ja-ja, mai na jan ƙarfe ya ba da kore, sannan a rufe da kaki. Kaurinta bai kai na takarda ba. Lemun tsami da tsamiya suna cinye ta, toka da yashi da Brasso suna kankare ta, kuma ba ta dawowa yadda take. Tagullar da aka goge ta yi wal ta yi asarar babban kaso na darajarta, inuwar da ke fito da fuskokin yaran ma ta tafi.

Abin da za ki yi kaɗan ne. Ƙurar hunturu tana da yashi, in an murza ta da tsumma sai ta yi zane, don haka da buroshi mai laushi ake kaɗe ta, irin na masu zane, a naɗe bakin ƙarfensa da salatif. In maiƙo ya taru, musamman a ɗakin da ake turaren wuta, a samu tataccen ruwa daga kemis, kofi ɗaya da ɗigon sabulun ruwa ɗaya ko biyu, a jiƙa auduga a matse, a goga wuri kaɗan-kaɗan, a bi da ruwa zalla, a tsane nan take. Kada a tsoma ta a ruwa, domin zai shige ciki ya jiƙa ragowar zuciyar da ƙusoshin ƙarfe. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishiri, a bar su. In ta bushe sarai, bayan kwana ɗaya, a ɗebi kaki marar launi na kayan tarihi, irin su Renaissance Wax, kamar ƙwayar gyaɗa, a shafa siriri da buroshi, a bar shi minti 15 zuwa 20, a goge da tsohuwar riga ta auduga. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. In ya yi yawa sai ya taru fari a lungu ya riƙe ƙura. Man gyaɗa, man zaitun da man inji duk ba su da wuri a nan. A riƙa ɗaukar ta ta gindi da hannu biyu, da safar hannu in da hali, saboda gumi gishiri ne.

Koren kuwa iri biyu ne. In mai duhu ne, mai santsi, ya kama jiki, ba komai. In kuwa mai haske ne, yana da gari kamar alli, kin kaɗe ya dawo bayan 'yan makonni, wannan ciwon tagulla ne: gishiri ya haɗu da danshi yana cin ƙarfen yana rami. Da damina yake tashi. Kada ki rufe shi da kaki, ƙarƙashi zai ci gaba da ci. Ki sa ta a roba mai murfi tare da ƙunshin ƙwayoyin shan danshi, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi amma da yawa, a nemi danshin ciki ya sauka ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, sannan a nemi mai gyaran kayan tarihi ta hanyar gidan tarihi mafi kusa. Su za su kankare garin a ƙarƙashin gilashin ƙara girma, su sa maganin da ke tsayar da shi.

Tambaya daga wani mai karatu, Kumasi: Hannun yaron ya fara girgiɗi a kafaɗa. In kai wa mai walda?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, za a yi gyaran gangar Auzinawa. Wutar walda za ta ƙone fatar har faɗin tafin hannu a kewayen wurin, in kuma tutiya ce ba tagulla ba, a digiri 420 take narkewa, hannun zai zube gaba ɗaya. Girgiɗi a kafaɗa yawanci tsohuwar mahaɗa ce ta saki, ƙusar da ta riƙe ta ta ci ko ta karye. Mai gyara zai zare ta ya sa sabuwa ta tagulla, a sanyi, ba wuta. Kafin nan kada a ɗura gam mai kamawa nan take, yana malala ya bar farin tabo. A ɗaure hannun da jikin da tsiri na auduga mai laushi, a ajiye siffar inda yara ba sa kaiwa.